Jinin cibiya: a bayar, a biya a ajiye, ko a bar shi ya tafi da mabiyiya?

Cikina na fari yana wata biyar takardar ta shigo hannuna. A nan Manchesta ne, shekarar 2016. Na dawo daga awo ina zazzage jakar da ake ba masu ciki, sai ga wata takarda mai sheƙi da hoton jariri yana barci. An jera cututtuka wajen 80 da aka ce ana maganinsu da jinin cibiya. Idona bai tsaya ko'ina ba sai a kan kalma ɗaya: sikila.

Makonni kaɗan kafin nan aka zaunar da mu aka ce ni AS ce, maigidana ma AS ne. Takardar da aka ba shi a gida kafin aure AA ta nuna, da ita aka ɗaura. Gwajin nan ya ce ba haka ba ne. Duk wadda aka taɓa gaya wa irin wannan magana da ciki a jikinta ta san yadda barci yake ƙaura. Da na ga takardar nan sai na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Kuɗin da suka yanka ya haura fam 2,000, maigida kuwa ɗalibi ne a lokacin. Na fito da sarƙa da 'yan kunnen lefena na ajiye a kan gado, na ce a sayar.

Allah Ya sa kafin mu biya muna da ganawa da nas ɗin sashen sikila, wata dattijuwa da ta shekara sama da ashirin tana wannan aiki. Na nuna mata takardar. Ta karanta har ƙarshe, sannan ta ce: "In yaron nan ya zo da sikila, jinin cibiyarsa ma sikila ne. Ba zai yi masa magani ba." Ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali magana ce da kowane manomi ya sani. In jar dawa ka girbe, irin da ka ɓoye daga cikinta jar dawa zai fitar.

Yaron ya zo da SS. Gwajin da ake yi wa jarirai a dunduniya ranar kwana biyar ne ya tabbatar. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba, zan ce masa Yaya kamar yadda ƙannensa suke kiransa. Daga lokacin zuwa yau na haihu sau biyu, an ɗebi jinin cibiya duka biyun, ko kwabo ban biya ba. Ƙanwata kuma ta ba da nata kyauta ga wanda ba ta sani ba. Abin da na koya a tsakani shi ne zan shimfiɗa miki, don kada ki yanke shawara da takardar talla kaɗai a hannu.

Me ke cikin jinin har ake ajiye shi

Bayan an yanke cibiya, akwai sauran jini da yake rage a cikin igiyar da mabiyiya. Ba shi da yawa, galibi bai wuce rabin ƙaramin kofin shayi ba, wajen mililita 60 zuwa 120. Amma a cikinsa akwai ƙwayoyin da suke haifar da duk sauran ƙwayoyin jini, ja da fari, irin waɗanda suke cikin ɓargo. Ni iri nake ce musu. In ɓargon mutum ya lalace, ko yana fitar da jini mara kyau, likitoci sukan share nasa da magani mai ƙarfi, su zuba masa wannan iri ta jijiya kamar ƙarin jini. Irin ya nemi hanyarsa zuwa cikin ƙashi, ya zauna, ya fara fitar da sabon jini. Shi ne ake ce wa dashe.

An fara yin sa da jinin cibiya a watan Oktoba na 1988 a asibitin Saint-Louis da ke Paris. Likita Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 5, Matthew Farrow, mai ciwon ƙarancin jini na gado da ake kira Fanconi. Ki lura da wannan: jinin na ƙanwarsa ne da aka haifa lafiyayya, ba nasa ba. Daga lokacin an yi dashen jinin cibiya fiye da 40,000 a duniya, kuma mafi yawansu da jinin wani aka yi, ko ɗan'uwa ko baƙo.

Wuraren ajiya iri biyu ne. Akwai wanda nake kira rumbun jama'a: ki bayar kyauta, a gwada, a shigar cikin rajista, duk wanda ya dace da shi a duniya a ba shi. Na farko an kafa shi a birnin New York a farkon shekarun 1990, hukumar lafiya ta NHS ta buɗe nata a Ingila a 1996. Akwai kuma rumbun haya: kamfani ne, ki biya, ya ajiye da sunan iyalinki, babu mai taɓawa sai da izininki. Duka biyun suna daskarar da jinin a cikin tankin naitirojin, sanyin da ya kai digiri 150 zuwa 196 ƙasa da sifili, kuma an gwada wanda ya shekara sama da 20 an same shi da rai.

Sai wata hanya ta uku da takardun talla ba sa ambata. Da ita zan fara, don ita ta fi shafar gidajenmu.

Tambayar farko: akwai mara lafiya a ɗakinki yanzu?

Kafin ki kwatanta farashi ko ki kira wani kamfani, amsa wannan. Kina da ɗa ko 'ya mai sikila, ko talasimiya, ko sankarar jini, ko wani ciwon ɓargo ko na garkuwar jiki na gado? In amsar eh ce, ki ajiye takardar kamfani, ki tafi wajen likitan jinin yaron. Ki ce masa kina da ciki, kina so a ɗebi jinin cibiyar jaririn a ajiye wa yayansa. A Ingila likitan ne yake rubuta wa hukumar jini ta NHS buƙata, su shirya da asibitin da za ki haihu, su ɗiba, su gwada, su ajiye da sunan mara lafiyar. Ba a karɓar kuɗi. A Amurka ma akwai shirye-shiryen 'yan'uwa irin wannan da ake yi kyauta ko da rangwame, ta hannun likita ake bi.

Ki yi maganar da wuri. Ni tun cikin yana wata huɗu na faɗa, saboda akwai takardu, akwai gwajin jinina, akwai kayan ɗiba da sai an aiko asibitin kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, ballantana ranar naƙuda.

Yanzu lissafin da ya kamata ki riƙe, don kada zuciyarki ta karye kamar yadda tawa ta yi. Ba rukunin jini ake dubawa a dashe ba, wato su O da A da B. Wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. In ke da maigida duk AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wanda shi kuma ba zai iya bayarwa ba. In kin haɗa biyun, damar a haifi jaririn da ba SS ba kuma ya dace da yayansa 3 ce cikin 16, ƙasa kaɗan da ɗaya cikin biyar. Mai AS yana iya bayarwa, wannan ba matsala ba ce.

Na nanata "uwa ɗaya uba ɗaya" da gangan. A gidajenmu 'yan uba ma 'yan'uwa ne, amma a wannan lissafi ɗan kishiya rabi kawai yake iya gadowa tare da ɗanki. Wata baiwar Allah ta taɓa kirana daga Landan tana murna amaryar mijinta ta kusa haihuwa, za a samo wa 'yarta magani. Sai da na bi ta a hankali.

'Yata ta biyu ta zo a 2019. AS ce, lafiyayya, an ɗebi jini mai yawa. Makonni muka yi muna jira. Bai dace ba. Ranar da likita ya faɗa mana, na riƙe ta a kafaɗa ina kuka, ina kuma jin kunyar kukan, domin yarinyar ba ta yi laifin komai ba. Ina gaya miki wannan ne don ki shirya zuciyarki tun kafin sakamako. Jaririn da ke cikinki mutum ne da rabonsa, kada ki bari ya shigo duniya da nauyin zama magani a kansa. In ya dace, alhamdu lillahi. In bai dace ba, kin haifi ɗa.

Auta ta zo a 2022, AA, kuma ta dace.

Dashe tsakanin 'yan'uwan da suka dace, in an yi shi tun yaro yana ƙarami, fiye da 90 cikin 100 suna rabuwa da sikila. Amma ba ƙaramin abu ba ne. Maganin da ake share ɓargo da shi yana iya hana haihuwa nan gaba. Sabon jinin yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka zuba shi. Akwai makonni a ɗaki killace, kuma akwai yaran da ba sa fitowa. Don haka ajiye jinin bai zama alkawarin za a yi dashen ba, ƙofa ce kawai kika bari a buɗe.

In gidanku lafiya lau ne

Ƙanwata AA ce, mijinta AA, babu mai ciwon jini a ɗakinsu. Da ta samu ciki a 2023, irin takardar nan ta same ta, ta kira ni. "Yaya, ko in biya ne don gudun ko-ta-kwana?" Na ce mata ta bayar.

Dalilina na farko, yiwuwar yaro ya buƙaci jinin cibiyar kansa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ƙiyasin da likitoci suka fi ambata ya kama daga ɗaya cikin 2,700 zuwa ɗaya cikin 20,000. Cututtukan nan 80 da ake jerawa gaskiya ne ana yin dashe dominsu, amma kusan duka da jinin wani. Na gado, kin riga kin ji dalili. Sankarar jinin yara kuwa, an gano cewa wani lokaci tushenta yana nan tun a ciki, don haka likita ba ya son mayar wa yaro da nasa. Ƙari a kan haka, ana son sabon jinin ya zama baƙo ne don ya farauci ragowar ciwon. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka duk ba sa ba iyali masu lafiya shawarar ajiyar haya. Faransa ma ta hana kamfanoni yin wannan ajiya a ƙasarta, Italiya haka.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Mu baƙar fata mu ne muka fi kowa bambancin alamomin HLA a duniya, kuma mu ne muka fi ƙaranci a rajistar masu bayarwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna Bature mai neman ɓargon baƙo yana da damar wajen 75 cikin 100 ya samu wanda ya dace da shi sosai, baƙar fata kuwa bai kai 20 ba. Jinin cibiya yana rage wannan tazara, saboda ƙwayoyin jariri ba su yi taurin kai ba tukuna, ana iya dasa su ko da alama huɗu ce kawai cikin shida ta dace. Seun Adebiyi, ɗan Najeriya da ya karanta lauya a jami'ar Yale, ya kamu da sankarar jini a 2009, aka rasa masa mai ba da ɓargo. Jinin cibiyar wani jariri ne ya cece shi. Shi ne ya dawo ya jagoranci kafa rajistar masu ba da ɓargo a Inugu a 2012. Wata uwa ce ta sa hannu a takarda ba ta san shi ba. Yaron Bahaushe da yake kwance a wani asibiti a Landan ko Jidda, wanda zai fi dacewa da shi ɗan Bahaushiya ne, ko Bafulatana, ko Babarbariya. In ba mu bayar ba, babu inda za a samo.

Yadda ake yi ba wuya. Ki tambayi ungozomarki a awon wata shida ko bakwai ko asibitin yana karɓa, domin ba kowanne ba ne. A Ingila hukumar NHS tana karɓa a wasu asibitocin Landan da kewaye, ƙungiyar Anthony Nolan kuma a wasu na Landan da Lesta da Manchesta. Jerin yana canzawa, ki duba na shekarar da kike ciki. Ƙanwata a Saint Mary's na Manchesta ta ba da nata. Za ki sa hannu a takardar yarda, a ɗebi jininki a gwada ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a yi miki tambayoyi a kan lafiyarki da ta dangi. Za su tambaye ki yaushe rabonki da gida, ko kin yi zazzaɓin cizon sauro, ko an taɓa yi miki ƙarin jini, ko ke da mijin 'yan'uwa ne masu wani ciwon gado. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda za a zuba wa jinin nan ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan a lokacin, abin da kika ɓoye yana iya zama ajalinsa. In ke AS ce ki faɗa tun farko su gaya miki ƙa'idarsu.

Ki kuma san abin da kike sallamawa. In kin bayar, ya fita hannunki. Ba za a riƙe miki ba. In bayan shekaru iyalinki sun buƙata kuma yana nan, likita zai iya nema kamar kowa, in an riga an bayar kuma shi ke nan. Galibi ba sa karɓar na tagwaye ko na bakwaini. Yawancin abin da aka ɗiba ma ba ya kaiwa rumbun, saboda ƙwayoyin ba su kai adadin da ake so ba, sai a yi bincike da shi in kin yarda. Na ƙanwata ya shiga rajista, ta samu wasiƙar godiya, ta liƙa a jikin firij.

In duk da haka zuciyarki tana kan rumbun haya

Ba zan ce haramun ba ne ko wauta. Akwai wadda asibitinta ba ya karɓar kyauta. Akwai wadda ta auri wani jinsi daban, 'ya'yanta za su yi wuyar samun wanda ya dace. Akwai wadda take da halin da fam 2,000 ba zai hana ta komai ba. Sharaɗina ɗaya ne: kada ki ci bashi, kada ki sayar da zinare, kada ki taɓa kuɗin hayar gida.

In za ki yi, ki nemi amsoshi a rubuce. Lasisi tukuna: a Ingila dole kamfanin ya kasance ƙarƙashin hukumar HTA mai kula da sassan jikin ɗan'adam, kuma tun 2008 doka ta ce wanda aka horar ne kaɗai zai ɗiba. Maigida ba zai yi ba, kuma ungozomar asibitin gwamnati galibi ba za ta bar ki da jariri ta koma cika jakar kamfani ba. Sai kin ɗauki mai ɗiba na musamman, shi ma da kuɗinsa, kuma sai asibitin ya yarda ya shigo. Ki tambaya ko suna da shaidar FACT ko AABB, su ne manyan masu tantance irin waɗannan wurare. Ki ce a haɗa miki jimillar kuɗin shekara 20 ko 25 a layi ɗaya, da na ɗiba, da na ɗan aike, da na kowace shekara, domin ƙaramin adadin da ke saman takarda ba shi ne zancen ba.

Sai tambayoyi biyu da masu talla ba sa so. Ta farko: in ƙwayoyin da aka samu ba su da yawa, za ku gaya mini adadin, kuma za ku mayar mini da kuɗina? Ana lissafin dashe ne da nauyin mara lafiya. Jakar da za ta ishi ɗan shekara uku ba za ta ishi ɗan shekara ashirin ba, har akan haɗa wa babba jaka biyu. Rumbun jama'a yana ƙin ƙaramar jaka, kamfani kuwa yakan karɓa tunda an biya. Ta biyu: cikin duk abin da kuka ajiye, guda nawa aka taɓa fitarwa aka yi dashe da su, kuma na wane ciwo? Ki saurari amsar da kyau.

Ki kuma tambayi makomar jinin in kamfanin ya durƙushe. Ya faru. A 2019 kamfanin Cryo-Save na Siwizalan ya karye, aka kwashe ajiyarsa zuwa Polan, iyaye da dama suka daɗe suna neman inda na 'ya'yansu yake. A ƙarshen 2023 ma'aikatar lafiyar Singafo ta bayyana cewa tankunan wani kamfani a can sun yi ɗumi fiye da ƙa'ida, jaka wajen 2,200 suka lalace a tanki ɗaya.

Za su kawo miki zancen gaba: otizim, shanyewar gaɓoɓin yara da ke farowa daga ƙwaƙwalwa, ciwon suga. Ana gwaji a kan waɗannan, musamman a jami'ar Duke ta Amurka, amma har yanzu gwaji ne, ba magani da likitanki zai rubuta ba. Za kuma su ce miki ai yanzu ana gyara ƙwayar gado, don haka jinin mai sikila ma zai yi amfani. Maganin Casgevy da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023 gaskiya ne, amma daga jikin mara lafiyar ake ɗebo irin a lokacin da za a yi, daga shekara 12 zuwa sama. Ba ya buƙatar abin da aka ajiye tun ranar haihuwa.

Ranar haihuwa, da maganar Inna

Ɗibar ba ta taɓa ke, ba ta taɓa jariri. Bayan an yanke cibiya ake soka allura a jijiyar igiyar, jinin ya gangara cikin jaka, minti biyar zuwa goma an gama. Ana yi ko da tiyata aka yi miki. Abu ɗaya za ki tsaya a kai: kada a yi gaggawar yanke cibiya don jaka ta cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira minti 1 zuwa 3, domin jinin da yake kwarara zuwa jikin jariri a wannan lokaci yana kare shi daga ƙarancin jini na watanni. Jinkirin yana rage abin da za a ɗiba, gaskiya ne. Amma jinin na jaririn ne kafin ya zama na kowa. Ki rubuta wannan a takardar shirin haihuwarki, ki gaya wa maigida ya tuna musu, don ke a lokacin ba za ki iya gardama ba. Kuma in abu ya rikice, jini ya ɓalle ko jariri bai yi kuka ba, za a manta da jakar, haka kuma ya kamata.

Da na gaya wa Inna a waya za a ɗebi jinin cibiya, tambayarta ɗaya ce: "To mabiyiyar fa, ina za a binne ta?" Ba tambayar banza ba ce, mu da muke cewa wane a gari kaza aka binne cibiyarsa. Na ce mata jinin kawai ake zuƙewa, mabiyiya tana nan yadda take. A Ingila kina da damar ki ce a ba ki ita, amma ki faɗa tun kafin haihuwa, musamman in za a kai ta wani ɗaki a ɗiba. Maigida ya wanke namu ya binne a bayan gida, da zurfi saboda yanyawar garin nan masu tone-tone.

Ya kuma tambayi malaminsu. Malam ya nuna masa matsayar Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a ƙarshen 2003, wadda ta halatta ɗibar irin waɗannan ƙwayoyi daga mabiyiya da igiyar cibiya don magani ko bincike, matuƙar iyaye sun yarda. Da Inna ta ji haka ta ce Allah Ya sa a dace, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ga 'yan'uwana da za su haihu a gida

Na san yawancin masu karanta wannan a Kano ko Zariya ko Maraɗi za su haihu, inda asibitin ba shi da wannan tsari. Najeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, jarirai wajen 150,000 a shekara. Akwai masu zuwa da tallar za su ɗiba su kai ƙasar waje. Ki tambaye su awa nawa jinin zai yi a hanya, domin ana so a sarrafa shi cikin kwana biyu, in ya yi yawa uku, kuma kowace shekara da dala za ki biya.

Ga abin da nake so ki riƙe: in ba a ɗebi jinin cibiya ba, ba ki yi asarar damar ba. Ƙanin da ya dace da yayansa yana nan yana yawo da irin a cikin ƙashinsa. In ya girma kaɗan ana iya ɗibar ɓargonsa, kuma yawancin dashen sikila da ɓargo ake yi. Gwajin HLA kawai za a yi wa yaran. An fara dashen ɓargo ga mai sikila a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, asibitin koyarwa na jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Kafin a kai can, kuɗin da ke hannunki ya fi amfani a kan fenisilin na kullum, da rigakafi, da gidan sauro, da maganin haidiroksiyuriya in likita ya rubuta, da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa na shekara-shekara daga shekara 2. Waɗannan su suka riƙe mini Yaya har yau.

Jakar Auta ba ta yi yawa ba. Ta zo da sauri, muka kuma jira cikakken minti kafin a yanke, abin da aka samu bai kai mililita 70 ba. Yaya yanzu shekararsa tara, kilo 27, kullum nauyinsa yana ƙara tsere wa jakar. Likita ya ce in mun yanke shawarar dashe, za a haɗa jinin cibiyar da ɗan ɓargon Auta, saboda haka sai ta ƙara girma. Sau biyu aka kwantar da shi a bara da ciwon ƙirji. Muna da ganawa da likitocin dashe wata mai zuwa, na rubuta tambayoyi goma sha ɗaya a bayan littafin awon Auta. Ta farko a kan haihuwarsa ce in ya girma, ta biyu kuma ko za a bar ni in kwana a ɗakin.